Hoton da Goggo Ta Shanya

Gidanmu a Damilu yake, kuma duk wanda ya zauna a wannan ɓangare na Jimeta a shekarun da aka watse daga arewacin jiharmu ya san ƙarar jiragen yaƙi. Sai jirgin ya wuce sannan ƙarar take isowa, ta daki kwanon rufi, kofuna su yi rawa a kan tire, kaji su watse. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. In jirgi ya tashi ina cikin aji, sai in tsaya da alli a hannu har ya yi nisa, don ko na yi magana ni kaina ba na jin abin da nake faɗa.

A lokacin ne Goggo, ƙanwar mahaifina, ta iso gidana ita da matar ɗanta. Sun yi kwanaki suna tafiya a ƙafa ta cikin duwatsu kafin wata motar shanu ta kwaso su. Matar tana da ƙaramin ciki. Shi ɗan bai zo ba. Makanikin babur ne, mutanen dajin da suka ci garinsu kuwa sun san amfanin makaniki, saboda haka ba su yanka shi a bakin gareji kamar yadda suka yi wa maƙwabcinsa ba. Ɗora shi suka yi a bayan babur, shi da akwatin sufanunsa, suka shiga daji. Abin da ya iso gidana nasa duka-duka hoto ɗaya ne, mai launi, irin wanda ake ɗauka ranar Sallah, yana tsaye cikin shuɗiyar shadda ya dafa kujera. Matarsa ce ta fizge shi daga bango ta cusa a riga lokacin da suke gudu. Babu wani bayan shi. Wayarsa tana aljihunsa aka tafi da shi, gidan kuma an ƙone.

Shi ne ɗan farin Goggo, kuma shi kaɗai ya rayu mata. Wanda ya san Fulani ya san yadda ake da ɗan fari. Shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya shigo ta kau da kai. "Wancan" take ce masa. Da ta zo gidana ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambayi kowa labarinsa ba. Abinci kawai ta daina ci. Matata ta dama fura, ta yi kunun gyaɗa, ta yi miyar kuka da man shanu yadda suke so, Goggo ta taɓa ta ture. Watanni ana haka, tana ta ƙarewa muna kallo. In jirgi ya tashi ya nufi arewa, mu mu ce Allah ya ba su sa'a, ita sai ka ga leɓenta yana motsi. Ban san me take roƙo ba. Ta san inda bam ɗin zai sauka, ta kuma san wanda yake wurin.

Ni kuwa ina da wata cuta tun ina saurayi, ta rubuta labarai. Ba wanda ya sa ni, ba wanda yake bugawa, amma ban iya dainawa ba. A watannin nan kullum da safe rediyo yana kunnena, kuma ban da labarin garuruwanmu da ake ci ɗaya bayan ɗaya, akan kawo na manyan ƙasashe da suka kai rigimarsu sararin samaniya. Na ji yadda wata ƙasa ta taɓa harba makami mai linzami ta farfasa tsohon tauraron ɗan'adam nata na kanta, don kawai sauran su ga ta iya. Na ji akwai taurarin da aikinsu ɗaukar hoton ƙasa ne su aika wa sojoji. Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya nuna mini a wata mujalla cewa har an taɓa tunanin rataye sandunan ƙarfe a can sama, a riƙa sako su a kan abokan gaba, ba albarushi, nauyi da gudu kawai. Ya ce mini ba a ƙera ba, a takarda abin ya tsaya. Wannan ƙarshen maganar tasa ta shiga ta nan ta fita ta can.

Haushi ne ya ishe ni. Wai mutane suna da ido a sama, mu kuma an kwashe mana jama'a an shiga daji da su, an ce ba a san inda suke ba! Na sayi littafin rubutu mai kauri na zauna, cikin mako uku na gama. A labarina akwai wani ido da yake tsaye a samaniya daidai kan Adamawa, yana ganin kowa, yana gane fuska. In aka nuna masa fuskar wanda ba shi da laifi sai ya riƙe. Ranar da zai saki sandar ƙarfe a kan sansanin mutanen dajin, sandar ta tsince mugaye ɗaya-ɗaya, ta bar waɗanda aka sace a tsaye ko ƙwarzane babu. Wallahi haka na rubuta, ni da nake da takardar shaidar malanta. Zuciyata ta yi sanyi da na sa aya ta ƙarshe, har na ci tuwo malmala biyu.

Da na bar shi a akwati da ba a yi komai ba. Amma marubuci ba ya iya haɗiye abinsa. Wata Asabar bayan La'asar na sa kujera ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, na kira matata da wasu maƙwabta biyu, na buɗe littafi na fara karantawa da murya irin ta masu labaran rediyo. Goggo tana gefe a kan tabarma. Ban ɗauka tana saurare ba, don Hausarta ta kasuwa ce, da Fulatanci muke yawan magana.

A nan na yi kuskuren. A garin su Goggo tatsuniya tana da lokacinta, tana da masu yin ta. Tsofaffin mata ne suke yi wa jikoki bayan an ci tuwo, kuma kafin a fara akwai kalmomin da ake faɗa, kowa ya san abin da zai biyo baya shiri ne. Takarda kuwa ba ta wasa. Duk abin da malami ya karanta daga takarda da rana tsaka a gaban manya, ko wasiƙa ce, ko sanarwar hakimi, ko sakamakon asibiti. Ni kuma na buɗe labarina da abubuwan gaskiya, waɗanda ita ma ta ji da kunnenta a rediyona, na zarce cikin ƙaryata ba tare da na ce ga iyaka ba.

Washegari da hantsi ta aika a kira ni.

"Malam," haka take ce mini in tana son abu, "wannan ido na sama, yana ganin Damilu?"

Na yi dariya na ce, "Yana gani mana, Goggo. Har kazar can yana gani."

"In an nuna masa mutum, yana riƙewa?"

Nan ne ya kamata in ce mata labari ne, ni na shirya. Amma tun zuwanta wannan ne karo na farko da ta tambayi wani abu game da duniya. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji, labarina ya kama mutum. Na ce, "Yana riƙewa."

Ta ce, "To." Sai ta ce a kawo mata kunu, ta shanye kwano guda muna kallo.

A ranar ta karɓi hoton daga hannun surukarta. Yarinyar ba ta da bakin hanawa. Goggo ta ɗauko faifai ta kai tsakiyar gida, wurin da matata take shanya kuɓewa da barkono, ta kwantar da hoton fuskarsa tana kallon sama, ta danne kusurwa huɗu da tsakuwa. Ta koma inuwar bango da carbinta da ɗan karan korar kaji. Tun daga hantsi har La'asar. Washegari ma haka, da jibi. Bazara ce, bazarar Yola kuwa wanda ya sani ya sani, ranar da in ka bar bokitin roba a waje sai ya yi laushi, ruwan randa ma ɗumi yake yi.

Matar da ba ta taɓa kallon ɗanta ido da ido a gaban mutane ba, ga ta tana nuna fuskarsa ga samaniya a gaban kowa. In ta ji jirgi ya tashi sai ta miƙe da sauri ta je ta goge hoton da bakin gyalenta. Tana cin abinci, kumatunta suka fara dawowa, har faɗa ta fara yi wa matata a kan gishiri. Matata ta ce mini, "Malam, maganinka ya ci." Ni kuwa sai hura hanci nake. Har a ɗakin malamai na ba da labarin aka yi dariya, wani ya ce in rubuta wa tsohuwarsa nata. Allah ya yafe mini wannan dariyar, ni dai ban yafe wa kaina ba.

A mako na uku, ina turo babur zan fita, sai na tarar da surukar Goggo a zaure. Cikinta ya tsufa, amma ta durƙusa da ƙyar. Tun zuwanta ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa mu.

Ta kira ni yaya da Fulatanci, ta ce, "Hamma, rana tana cinye shi."

Na ce wa? Ta dubi tsakar gida. Na jingine babur na je na leƙa faifan. Shuɗiyar shaddar ta koma ruwan toka. Fuskar tana nan, amma idanun sun dushe, gefen bakin ya fara haɗewa da bangon da ke bayansa. Innalillahi! Ni da nake koya wa yara zafin rana da tsawon yini, ban taɓa tunanin abin da rana take yi wa takarda ba.

Da na dawo zaure tana nan a durƙushe. Ta ce, "Abin da ke cikina bai san shi ba. Wannan ne kawai zan nuna masa."

Na ce ta kwantar da hankalinta, abu ne mai sauƙi, yanzu zan ɗauke shi a waya. Na koma na zaro waya, Goggo ta taso ta rufe hoton da tafin hannu.

"Me za ka yi?"

"Zan ɗauka ne, Goggo, a samu na ajiya."

"Hoton mamaci ake sake wankewa a raba wa mutane. Wancan bai mutu ba."

Na ce to bari in sa shi a leda. Ta ce fuska zan rufe masa? Na ce a matsar da shi inuwa in rana ta take. Ta ce a ƙarƙashin bishiya wa zai gan shi, ba ni na karanta cewa daga sama ake kallo ba? Duk ta inda na ɓullo sai ƙaryata ta tare ni. Ga shi tana da yanar ido, abin da take gani a faifan mutum ne tsaye cikin shuɗi, yadda ta san shi. In Magariba ta yi sai ta naɗe hoton a ƙyalle ta sa ƙarƙashin matashinta.

Hanya ɗaya ta rage, in durƙusa a gabanta in ce ni na ƙirƙira. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce bari a gama jarrabawa. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na faɗa za ta sake daina cin abinci, in ta mutu ni na kashe ta. Wannan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Kunya nake ji, malami guda da gemunsa ya ce wa tsohuwa ƙarya ya yi mata, a gaban matarsa, a gaban maƙwabtan da suka tafa masa. Kullum da safe surukar tana gaishe ni a durƙushe yadda ta saba, ba ta sake tada maganar ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Wata rana Goggo ta zaga yin alwala, na lallaɓa kamar ɓarawo a gidana na ɗauki hoton a waya. Ina ma ban duba ba. Kafaɗu sun fito, kujerar ta fito, inda fuska take kuwa haske ne kawai da wata 'yar inuwa a wurin gashi. Na makara da kwanaki da yawa, kuma na san adadinsu.

Surukar Goggo ta haihu bayan ruwan farko, mace. Kwana biyu da haihuwa, mata sun cika ɗakin, mai jego ta roƙi matata a hankali ta karɓo mata hoton ko na ɗan lokaci ne. Goggo ta ji, ta ce ita za ta kai da kanta. Matata ce ta ba ni labari, don ni ina waje. Ta ce Goggo ta shiga da fara'a, ta sunkuya a kan jaririyar, ta kara mata takardar a fuska ta ce, "Ga wancan, ki gan shi." Takarda ce fara mai ɗan rawaya-rawaya. Mai jego ta juya ta fuskanci bango.

A ranar bayan Azahar na sami Goggo a inuwar bango, ta mayar da hoton kan faifai. Na durƙusa.

"Goggo, babu idon nan. Ni na ƙirƙira shi."

Ta juyo. "Ba a takarda ka karanta ba?"

"Ni na rubuta takardar."

"Rediyo fa? Na ji da kunnena."

"Taurarin akwai su. Amma ba su san shi ba, ba mu suke nema ba. Sandar ma ba a taɓa ƙera ta ba. Abin da jiragen nan suke saki ba ya zaɓe."

Wannan ta ƙarshe bai kamata in faɗa ba. Na yi makonni ina riƙe da gaskiya, da na buɗe baki kuma sai na zube ta gaba ɗaya a kan tsohuwa. Ta tashi ta ɗauko hoton ta miƙo mini.

"Duba mini. Yana nan?"

"Babu shi, Goggo. Rana ta cinye."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kana gani?"

"Ina gani."

Ba ta tsine mini ba. Ta ce da Fulatanci ni ɗan yayanta ne, ba ta da abin da za ta ce mini. Ta karɓi takardar ta kara a idonta, ta matsar, ta sake karawa. Sai ta kira sunan ɗanta. Da ƙarfi ta kira shi, sau ɗaya, a tsakar gidana, har matan da ke ɗakin mai jego suka fito a guje. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ban sake ji ba.

Ta koma taɓa abinci tana turewa. Ba ta kai bazara ta gaba ba. Likita ya ce zuciya ce da tsufa, mutane suka ce kwana ne ya ƙare, ni ma da baki haka nake cewa. Ɗan nata kuwa har yau shiru. Wani da ya kuɓuto ya ce ya taɓa ganin wani makaniki a can, wani ya ce sansanin da yake nufi wuta ta ci shi daga sama. Matarsa ta jira shekaru, daga baya alƙali ya raba auren, ta auri wani manomi a Mbamoi. Yarinyar ta zauna a hannunmu. Uwar takan zo, amma macen da take gidan wani ba ta buɗe baki ta siffanta mijin fari, ko da 'yarta ce ta tambaya.

Yanzu jiragen sun ragu a kan Damilu. A rediyo ina jin wasu ƙasashe har rundunar sararin samaniya suka kafa, ɗalibaina suna nuno mini hotunan rokoki a waya suna tambaya ko gaskiya ne za a yi yaƙi a can. Ina gaya musu abin da na sani, in na kai iyakar sanina in ce ban sani ba. Rubutu ban daina ba, cuta ce. Littafin nan ma yana akwati, na kasa ƙonawa, na kasa buɗewa.

A hutun da ya wuce yarinyar, wadda yanzu take ƙaramar sakandare, tana gyara tsohon akwatin Goggo ta ci karo da takardar a naɗe cikin ƙyalle. Matata ta gaya mata ko mene ne. Ta same ni ina gyaran takardun jarrabawa a ƙarƙashin dalbejiya.

"Bappa, an ce wannan babana ne."

Na ce shi ne.

"Yaya kamanninsa?"

Mahaifin nata taubashina ne, amma garuruwanmu da nisa, duk rayuwata ban fi sau biyar ko shida na gan shi ba, a wurin biki ko gaisuwar mutuwa, kuma tsiya muke yi wa juna mu rabu. Hoton na kalle shi kullum na makonni, amma dushewarsa nake kallo. Na buɗe baki, sai ga hanci ya zo mini, ga idanu, ga wushirya, ga ɗan tabo a goshi, fuska cikakkiya mai kyau wadda za ta ishe ta har tsufanta. Sana'ata ce, ba ta yi mini wuya. Ban san me ta gani a fuskata ba.

Ta ce, "Ba na labari ba, Bappa. Na gaskiya."

Na ce mata dogo ne. Ta tsaya tana jira in ƙara. Ta daɗe tana jira, sannan ta mayar da takardar cikin ƙyallen ta naɗe, ta ce za ta je ta ɗora ruwan tuwo.